Gaisuwa da Cokali

A makarantar su Nuriyya akwai wani kwanon tagulla da ba a taɓa zuba abinci a cikinsa ba. Aikinsa ɗaya ne. A taɓa shi da ɗan sanda, ya yi kuka mai tsawo, kukan ya yi ta sirancewa har ya ɓace. Yara kan rufe ido suna bin sa da kunne, wanda ya daina ji ya ɗaga hannu. Ba a magana sai hannu na ƙarshe ya tashi.

Makarantar ta mabiya Buddha ce, 'yar ƙarama, a kan wani tudu a gefen birnin Lyon, daga 'yan firamare har zuwa 'yan ƙaramar sakandare. Idan an yi ruwa, yara kan fita su kwashe dodon-koɗi daga kan hanya don kada a taka su. A zaure akwai mutum-mutumi zaune, kunnuwansa har kafaɗa, bakinsa ɗan mitsitsi a rufe. Nuriyya ba ta rusuna masa, ba kuma wanda ya taɓa cewa ta yi. Azahar ma a ɗakin littattafai take yin ta. Amma takan tsaya ta dubi kunnuwan nan da bakin nan, ta ji kamar da ita ake.

Don ita tun tana ƙarama sunanta Aku a gida. Surutu ne ya raba ta da babbar makarantar unguwa, har mahaifiyarta, Halimatu, ta kawo ta nan. A nan kuwa, sau ɗaya a wata ana ranar shiru: daga safe har tashi ba mai cewa uffan. Cikin waɗanda suka riƙe bakinsu ake zaɓen mai buga kwano da yamma. Nuriyya ba ta taɓa kaiwa tsakar rana ba. Wannan karon ta ɗaura niyya tun daga gida, har ta hana kanta waƙa a hanya.

Akwai kuma abin da ke cin ta. Kakanta, Malam Nouhou, ya zo Paris daga Damagaram neman maganin ido, ya sauka wurin mahaifinta, Mamane, wanda ke aikin nama a kasuwar Rungis, sai ƙarshen mako yake zuwa Lyon. Can wani ya tsegunta wa tsohon cewa jikarsa tana karatu a gidan gunki. Nuriyya ta ji muryarsa a wayar mahaifiyarta.

"Zan zo in ji da kunnena, tunda ido ya ƙi. In sun ɓata ta, a cire ta. Magana ta ƙare."

Mamane kuwa ba ya tsallake maganar mahaifinsa. An ce ranar Asabar tsohon zai zo, ranar da babu makaranta.

Sai ga shi ranar Alhamis, ranar shirun kanta.

Ana cikin cin abincin rana, ba ka jin komai sai ƙarar cokula, ƙofar ɗakin ta buɗe. Halimatu ce riƙe da hannun wani dogon tsoho mai babbar riga a ƙarƙashin kwat ɗin sanyi, idonsa ɗaya a liƙe da auduga, ɗayan ya yi fari.

"Baba, na gaya maka yau ba su magana," in ji Halimatu a hankali.

"Ba ranar da Allah ya yi wadda jika ba ya gaida kakansa." Ya gyara murya. "Salamu alaikum!"

Sallamar ta cika ɗakin, ta daki bango ta dawo. Yara suka daskare da cokula a hannu. Taha, abokin zaman Nuriyya, ya toshe bakinsa da burodi don kada dariya ta kuɓuce. Malamarsu, Madam Inès, ta miƙe, ta haɗa tafin hannuwanta, ta sunkuya wa baƙon. Bai gan ta ba.

Nuriyya ta taso da sauri, ta durƙusa a gabansa har ƙasa, yadda aka koya mata. Wannan ma bai gani ba.

"Ina take? Aku? Ke uwargida, mijinki ya sha hanya, ko sannu babu?"

Amsar ta taso mata har maƙogwaro, da ita da duk abin da ta tara masa tun bara: dodon-koɗi, da kwano, da haƙorinta da ya fita. Ta cije leɓe. Ta kamo hannunsa ta ɗora a kanta.

Ya shafa kitson, ya gane ta. Fuskarsa ba ta saki ba.

"Kan dai na taɓa. Bakin fa? Halimatu, wannan ce lakkwal ɗin? Inda ake koya wa yaro ya ji sallama ya haɗiye?"

Nuriyya ta ga yatsunsa suna motsi a kan sandarsa. Haka suke yi duk lokacin da ransa ya ɓaci. Malam Nouhou makaɗin kalangu ne, da kiɗan mahauta ya tsufa, kuma tun ba ta iya riƙe waya ba yake wasa da ita daga Damagaram: ya ƙwanƙwasa kwano da tabarya, ta faɗi abin da suka ce. Kwano shi ne muryar sama, itace muryar ƙasa.

Ta miƙe, ta jawo shi har bakin tebur, ta zaunar da shi. Ta juye sauran shinkafarta a farantin Taha, ta kife kwanonta. Ta ɗauki cokali.

Tebur, kwano, kwano, tebur. Ta amsa sallamar tukuna, gaɓa bayan gaɓa. Sannan ta buga masa sannu da zuwa.

Tsohon ya karkata kai kamar mai jin kira daga nesa. Ya lalubi tebur, Taha ya tura masa nasa cokalin ba tare da an ce masa ba.

"Yauwa," in ji cokalin kaka. "Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina mutan gida?"

Gaisuwar Damagaram ba ta da gajeriyar hanya, kuma ba su yanke ko ɗaya ba. Suka gaida gida, suka gaida sanyi, suka gaida jiki. Yara suka bar abinci suna kallo. Sau ɗaya Nuriyya ta sa kwano inda ya kamata ta sa tebur, tsohon ya ɗan buge mata yatsa da cokali, ta sake. Da kalmomin da ta sani suka ƙare, sai ya ajiye cokalin, ya matso da bakinsa kusa da kunnenta.

"To, na ji. Yanzu faɗa da baki. Kalma ɗaya. Na zo miki da kilishi, yana aljihu. Ce 'ba ni' kawai."

Ƙamshin ma ya riga ya iso hancinta. Ta mayar da tafinsa kanta, ta girgiza kai da ƙarfi don ya ji.

"Halimatu, wannan Aku ce kuwa, ko an musanya mana ita?"

Bai ce a bar ta ba, bai ce a cire ta ba. Ya ce a kai shi inda zai yi salla. Sauran yinin Nuriyya ta yi shi tana leƙen taga. Yana zaune a benci cikin lambu, fuskarsa a sama, wani yaro ya ɗora masa dodon-koɗi a tafin hannu, shi kuma ya bar shi yana tafiyarsa.

Da yamma aka taru a zaure, aka ba baƙo kujera nesa da mutum-mutumin, inda ya zaɓa. Madam Inès ta ɗauki ɗan sandan ta bi layi. Ta tsaya a gaban Nuriyya, ta ɗan jima tana dubanta, ta dubi tsohon, sannan ta miƙa mata.

Nuriyya ta taɓa kwanon.

Kukan ya tashi, ya zagaya zauren, ya fara sirancewa. Ƙananan yara suka fara ɗaga hannu, sai manya, sai Madam Inès, sai ita kanta Nuriyya. Halimatu ta riga ta raɗa wa tsohon ƙa'idar, amma hannuwansa suna kan sanda, ba su motsa ba. Aka jira. Wata mota ta wuce a ƙasan tudu. Taha ya fara mutsu-mutsu. Maganar yini guda tana tafasa a bakin Nuriyya, ga kuma gefen bakin kakanta yana rawa kamar mai ɓoye dariya. Ta haɗe haƙoranta, ta jira.

Can dai ya ɗaga hannu, a hankali, kamar ana ja masa shi.

"Kaka!" Muryarta ta fito a dishe. "Ai tun ɗazu ya daina!"

"Ke ce kika daina ji." Ya zaro kilishin ya miƙa inda muryar take. "Tagullar mai kyau ce, sai dai kalma ɗaya ta sani. Ke kuma hannunki da nauyi. Halimatu, kira mijinki, ki ce masa wata mai zuwa ya sake yanko mini tikiti. Zan zo in ji ko ta gyara."