Biskit Mai Gida Biyu

Ni na sa sunan muzurunmu Biskit a binciken jami'a, amma mijina Merv ne ya ƙwace aikin. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas a garinmu Bendigo kafin ya yi ritaya, kuma ranar da 'yarmu ta kawo mana ɗan muzurun a kwali, cewa ya yi shi ba ruwansa da kyanwa.

Masu binciken suna bin 'ya'yan kyanwa ne tun suna ƙanana har su girma. Duk wata biyu sai su turo fom: me yake ci, nawa nauyinsa, yana gudun baƙi, yana fita waje. Ina cika na farko Merv ya tsaya a bayana yana leƙe.

"Awa ɗaya yake wasa? Noeline, awa uku ne. Ni nake ja masa zaren."

"Ai na ɗauka ba ruwanka da shi."

"Harkar ilimi ce, ba a yi mata ƙarya."

Daga ranar fom ya koma hannunsa. Yakan hau sikeli rungume da Biskit, ya sake hawa shi kaɗai, ya ɗebe nasa nauyin, amma ba ya barina in ga lamba ko ɗaya. Wajen tambayar fita kuwa, da manyan baƙaƙe yake rubuta cewa Biskit bai taɓa taka waje ba. A unguwarmu abin kunya ne ka saki kyanwa tana kama tsuntsaye.

Abu ɗaya ya dame shi. Da cokali yake auna abinci, amma Biskit sai ƙiba yake yi. Har ni ya zarga.

Masu binciken suna da wata 'yar mujalla da suke sa hotunan kyanwoyin mutane a ciki. Sau tara Merv yana tura hoto ba a ɗauka ba. Wata safiya ya buɗe ta, sai ya kira ni in gani. Ga Biskit nan, da farin tabon kunnensa, kwance kan wata kujera mai furanni. A ƙasa an rubuta: Carmelo, na Dulcie daga Bendigo.

Dulcie maƙwabciyarmu ce, shinge ɗaya ya raba mu. Muka tafi da mujallar a hannu.

"Naku ne?" in ji ta, ta dafe ƙirji. "Na zaci ba shi da kowa. Kullum ƙarfe ɗaya yake zuwa, ya ci kaza, ya yi barci, ƙarfe uku ya tafi."

"Ba zai yiwu ba," in ji Merv. "A lokacin ina tare da shi."

"A lokacin kana minshari, tsoho," na ce. "Tagar ɗakin wanki kuma a buɗe take."

Dulcie ta nuna mana nata fom ɗin, ashe ita ma ta sa shi a binciken. Ta rubuta cewa muzurun mai kunya ne, ba ya hawa tebur, ba ya yagar labule. Merv ya karanta sau biyu, ya dubi tabon farcen Biskit a hannunsa.

"Me ya sa Carmelo?" na tambaye ta.

"Sunan mijina ne, Allah ya ji ƙansa. Shi ma sai lokacin abinci ake ganinsa." Ta yi dariya, amma ta juya tana goge tebur mai tsabta.

A hanyar gida Merv bai ce a rufe tagar ba. Kwana biyu ya yi yana rubuta wa masu binciken wasiƙar amsa laifi, yana yagewa, kafin ya tura ta. Suka amsa cewa za su haɗe fom biyun, kuma muzurun da ke canza hali daga gida zuwa gida, irinsa suke nema. Wannan layin Merv ya manna a jikin firji.

Sannan ya sayo katako da ragar waya, ya haɗa wa Biskit wata doguwar rufaffiyar hanya daga tagarmu ta haye shinge har barandar Dulcie, yadda tsuntsaye za su tsira. Kazar kuma aka mayar da ita ta ranar Lahadi kaɗai.

Yanzu a kicin ɗinmu ake cika fom, su biyu suna musu a kan kowace tambaya, ni ina zuba shayi. Shekara huɗu Dulcie ba ta shiga gidan kowa ba tun rasuwar mijinta. Jiya sai da ta ci abincin rana da mu kafin ta tafi.