Tsagar Cikin Jini

…kuma ba ƙarya na yi ba. Likita ya ce a kawo ɗan'uwan Dikko, na tura ɗan'uwan Dikko. Ina ƙaryar take?

Motar ga ta cika tsayawa. Kowane ƙauye sai an sauke buhun albasa. Tun hantsi muka bar Birnin Kebbi, har yanzu ba Argungu.

Ƙoda. Shekara nawa ina soya ta rago, ban san ta mutum na mutuwa ta bar mai ita da rai ba. Ga ɗana Dikko can kwance asibitin Ikko, sau biyu a mako inji na wanke mishi jini, ƙafafu sun kumbura kamar turmi. Wai sai an ciro ta wani an dasa mishi, kamar dashen shinkafa. Kuma ba ta kowa ba…

Kalilu ko tunani bai yi ba. Inna, nawa biyu ne, a ɗauki ɗaya. Haka ya ce, ya rataya jaka.

To mi ya rage mishi? Uwarsa Hauwa'u, maƙwabciyata a Ambursa, kwana uku da haihuwarsa ta cika. Dikko na wata biyu. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, shekara biyu cur suna tsotsona har na koma kamar kara. Malam da bakinsa ya ce 'yan'uwa ne, ba aure tsakaninsa da ɗiyata. Wanzami guda ya yi musu tsaga, aska guda. Kowa ya gan su ya ce tagwaye.

Sai kwalbar awon jini ta ce a'a.

Bolanle — ɗiyar Risikat mai atamfa ta Nassarawa, yarinyar da na goya a bayan ga — ita ke aikin awon jini a can. Jiya ta zo gida, yau da safe ta durƙusa gabana da takarda. Mama, ta ce, akwai fararen ƙwayoyi a cikin jini, su ne masu gadin jiki, kowace da tsagarta a jikinta. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Wai suna da wani faranti mai ƙananan ramuka, kowane rami da ɗigon ruwan magani, kowane ɗigo tsaga guda kaɗai ya sani. In ya gan ta sai ya cafke, su kuma su leƙa ta madubi su rubuta.

Ban shiga boko ba amma na gane. Masu gadi na duba fuska. Baƙuwar tsaga ta shigo gari, su far mata. Ƙodar ta ruɓe, mai ita ya bi.

Guda shida ake dubawa. Kalilu da Dikko — ko ɗaya ba ta zo daidai ba. Ko ɗaya!

Mama, uwa ɗaya uba ɗaya suke? Kanta a ƙasa take tambaya. Munafuka. Duk unguwa ta sani. Sunan take so in faɗa.

Sama'ila.

To, na faɗa. Cikin ga ya fito, bayan Dikko da shekara uku. Na ce kar ya auri Sauda, ɗiyar masunta, ya aura. Na ce zaɓi, ya zaɓa. Ranar na dafa ƙirjina gaban dangi na ce nonon da ya sha ban yafe ba. Shekara goma sha biyu. An zo da goron suna sau huɗu, sau huɗu na mayar. Ni Tamba ba na magana biyu, kowa ya sani.

A lissafina, wanda na bar wa nono ɗa ne, wanda na karɓe wa ba ɗa ba ne. Daidai ne ko ba daidai ba? Ɗigon nan bai san nono ba. Bai san rantsuwa ba. Ba a durƙusa mishi, ba a tsawata mishi…

Kuma wai ko shi ɗin ba tabbas. Cikin 'yan'uwa huɗu ɗaya ke dacewa tsaf, in ji Bolanle. Wato in zubar da girmana a ƙofar Sauda, faranti ya sake cewa a'a?

Mako biyar. Tafiyar Kalilu, awo, jiran takarda — mako biyar daga kwanakin Dikko. Wa ya ci su? Likita bai ce ɗan'uwan nono ba. Na ji shi sarai. Uwa ɗaya, ya ce, uba ɗaya. Na ji…

Ƙarnin kifi. Mun iso. Ƙafa, ɗauke ni.

Gidan da taru ke shanye a katanga, aka ce. Ga shi. Ana daka a ciki. Ita ce?

In na ce na yafe, zai san kuɗin ƙoda ne. In ban ce ba, da wane baki zan roƙa? In ya ce, Inna, wane nono kika bar min da zan biya?

Na sani. Tun ranar da na tura Kalilu na sani. Na aza Dikko a hannu guda, rantsuwata a ɗayan, na auna — kuma ba Dikko na ɗauka ba.

Dakan ya tsaya. Ana tahowa.

Sallama ce kawai, Tamba. Buɗe baki…