Tukunyar Jan Ƙarfe da Zoben Inna

Tun da dusar ƙanƙara ta fara zuba a kwarin Voss, Torleiv bai san hutu ba. 'Yarsa Ragnhild za ta yi aure da bazara, ya kuma ci alwashin ba za a sha giyar kanti a bikinta ba, sai irin wadda mahaifiyarsu ke dafawa. To amma tukunyar gidan ta ɓule tun tuni, an mai da ita mazubin furanni.

Sai ya samo wani tsohon tankin ruwan zafi na jan ƙarfe, ya yanke kansa, ya zauna da guduma. Mutum ne da ya haura sittin, kafaɗarsa kuwa da ma ba lafiya gare ta ba, amma taurin kai ya gada. Wata uku yana bugu. Sau biyu gindin na yoyo, sau biyu yana warware ƙusoshin yana sake ɗaurawa. Ya yi mata hannaye na ƙarfe, ya gina mata murhu a rumfar bayan gida.

Tukunya dai tukunya ce. Abin da ke ba giyar gidansu ɗanɗanonta shi ne yistin Inna, mahaifiyar tasu, wanda ake busarwa a jikin wani zoben katako tun zamanin kakanni. Da aka raba gado, zoben ya faɗa hannun ƙaninsa Oddmund, shi da ke dafa 'yar kaɗan duk Kirsimeti a tukunyar girki.

Oddmund kan leƙo rumfar, hannu a aljihu.

"Yaya, wannan tukunya ce ko kwalekwale?"

"Kai dai kula min da zobe. Yana nan lafiya?"

"Haba, ina za shi?"

Ranar dahuwa ta zo. Da hantsi suka shimfiɗa rassan itacen junifa mai ƙamshi a matsayin matata, suka tace ruwan tsiron sha'ir, suka hura wuta. Tukunya ta tafasa awa huɗu, ko ɗigo ba ta zubar ba. Daɗi ya kama Torleiv har yana shafa gefenta kamar mai lallashin saniya. Suka juye ruwan a ganga, suka jira ya huce zuwa ɗumin madarar da aka tatsa, don a nan ake tsoma zobe.

"Je ka ɗauko mana kwanuka, Yaya, ni zan ji da sauran," in ji Oddmund.

Torleiv ya fita, ya tuna kwanukan na kan kanta a rumfar, ya juyo. Sai ga ƙanin nasa a duƙe bakin ganga yana yage wata 'yar fakiti da haƙori.

"Mene ne wannan?"

Oddmund ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja. "Yisti ne mana."

"Na ga yisti ne, ba makaho ba ne ni. Ina zoben Inna?"

Sai da Torleiv ya sake tambaya da tsawa, sannan magana ta fito gutsi-gutsi. Ashe zoben na rataye a bangon ɗakin da Oddmund ke saukar da 'yan yawon buɗe ido. Sun ce yana da kyau amma yana wari, shi kuwa gogan ya wanke shi tas da sabulu, ya shafe shi da fenti mai ƙyalli.

Torleiv ya zauna a kan itacen wuta. Ba asarar ce kaɗai ta ci masa rai ba. Wata uku mutumin nan yana tsaye a kansa yana kallon yadda yake kashe kafaɗa, yana zolayarsa, bai taɓa buɗe baki ya faɗi gaskiya ba.

"Yaushe ka yi wannan aika-aika?"

"Shekara uku ke nan."

"Da ka faɗa min, da na bi gidajen dangi ko wani ya ajiye iri. Yanzu fa? Ka ɗauka ba zan gane ba? Ni? Giyar uwata?"

Oddmund ya dubi ƙasa, ya murza fakitin a hannu.

"Yaya, ta Kirsimetin bara ma da wannan na yi. Kwano uku ka sha, ka yi ta hawaye kana cewa kamar Inna ce ta dafa."