Shirun Kaka Hulda

Tun da Kaka Hulda ta baro Madakiya ta dawo wajen ɗanta Gershon a Kafanchan, gidan bai ƙara sanin shiru ba. Tsohuwar nan har da kaji hira take yi. In ta rasa abokin magana sai ta juya kan gwiwoyinta, ta yi musu faɗa don sun raba ta da gonar citta. Amma babbar abokiyar hirarta ita ce jikarta Afiniki, 'yar shekara bakwai, wadda in ta dawo daga makaranta take jefar da jaka a bakin ƙofa ta wuce ɗakin Kaka tun ba ta cire takalmi ba. Da Jju suke hirar, yaren Bajju, don tsohuwa ba ta jin Turanci, Hausarta kuma ta kasuwa da coci ce.

Afiniki akwai baki, sai dai in an ba ta littafi haruffa su juye mata. 'Yan ajinsu sun wuce ta. Abin ya fi cin ran uwarta Stella, malamar sakandare, wadda kullum take koyar da 'ya'yan wasu ta dawo gida ta tarar da tata ta kasa haɗa layi ɗaya.

Wata a zumuntar matan coci ce ta ba Stella labarin ajin horar da ƙwaƙwalwar yara da aka buɗe kusa da tashar jirgin ƙasa. Duk Asabar da safe yara na taruwa a can. A nuna musu katunan hotuna, a kife su, su tuna inda kowane yake. Su yi tafi bisa ƙa'ida, su taɓa gwiwar hagu da hannun dama, su yi lissafi da yatsu a iska. Mai ajin, Anti Mildred, mace ce mai fara'a, kuma tana son yaran da gaske.

Bayan ta ɗan duba Afiniki, sai ta ja Stella gefe ta ce, “Madam, yarinyar nan Turanci a makaranta, Hausa a layi, yare a gida. Kayan sun yi wa kanta yawa. Ku gwada Turanci kaɗai a gida zuwa ƙarshen zango, mu gani.”

Ni dai ban san inda ta samo wannan ba. Yaran Kafanchan nawa ne ke yawo da harshe uku, ba wanda ya taɓa kukan ciwon kai? Amma uwar da tsoro ya kama, ko me aka ce mata za ta gwada, kuma ba na ganin laifinta.

Da yamma Stella ta gaya wa mijinta a falo, murya ƙasa-ƙasa.

Gershon ya ce, “To Mama fa?”

“Mama kam kada a ce mata komai. Mu dai mu yi namu.”

Sun manta gwiwar Mama ce ta gaji, kunnenta lafiyarsa lau. Washegari tsohuwa ta sami Stella a kicin. Stella 'yar Nok ce, yarenta daban. Tana jin Jju, ba ta iya mayarwa, saboda haka da Hausa suke magana da surukarta.

Kaka Hulda ta ce, “Stella, magana da ku yi jiya, na ji. Yare na ne yana ɓata kan yarinya?”

“Haba Mama, ba haka ake nufi ba.”

“Ba komai, 'yata. In bakina ne yana hana Afi karatu, zan rufe shi. Na yi magana da yawa a duniya.”

Stella ta so ta hana, amma can cikin ranta ta ji sanyi, sai ta ƙyale ta.

Daga ranar Kaka Hulda ta kulle bakinta a gaban jikarta. Turancinta duka-duka “gud monin” ne, shi take faɗa wa yarinyar da safe, shi take faɗa da yamma. Da farko Afiniki ta ɗauka wasa ne, ta yi ta dariya tana jan zanen Kaka. Ta kawo labarin wani yaro da ya faɗa kwata da sabon takalmi, labarin da a da sai tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. Kaka ta yi murmushi kawai, ta miƙa mata kofin kunun acca, ta juya fuska wajen taga.

Ba ta rage mata komai ba sai magana. Tana ajiye mata tsokar nama, tana shafa mata mai bayan wanka. Ranar Asabar da yamma tana yi mata kitson zuwa coci kamar kullum, sai dai babu waƙa, babu tsokana, ƙarar mataji kawai. In yarinyar ta tafi makaranta, tsohuwa takan fita bayan gida ta zazzage wa kaji duk abin da ta tara. Abin yana mata ciwo ƙwarai, amma ta riƙe shi kamar azumi.

A ajin Asabar kuwa an fara ganin haske. Afiniki tana tuna katuna fiye da da, har Anti Mildred ta manna mata tauraro a riga. Stella ta yi murna. Ba ta lura ba cewa jakar makaranta ta daina kwana a bakin ƙofa. Yarinyar takan shigo a hankali, ta leƙa ɗakin Kaka daga nesa, ta wuce. Abinci ma sai an yi da ita.

Wata Asabar da rana, bayan an dawo daga aji, Kaka Hulda tana zaune a inuwar mangwaro tana tsince wake. Stella tana shanya kaya a igiya, Gershon ya fita. Sai ga Afiniki ta zo ta durƙusa a gaban kakarta, gwiwa biyu a ƙasa, hannuwa a baya, kamar yadda aka koya mata in ta yi wa babba laifi. Da Jju ta fara magana.

Ta ce, “Kaka, ni na ci gyaɗarki ta cikin gwangwani. Ba ɓera ba ne.”

Tsohuwa ta ci gaba da tsintar wake, amma hannunta ya rage sauri.

“Kuma ni na fasa kofinki mai fure, na ɓoye a bayan tanki. Kuma ranar Lahadi na ce na yi addu'a, ban yi ba.”

Ta tsaya tana jira. Kaka Hulda ta cije leɓe. Stella ta saki rigar da ke hannunta cikin bokiti.

Da yarinyar ta ga laifuffukanta sun ƙare ba a ce komai ba, sai ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan wake.

Ta ce, “Na sani don ba ni da ƙoƙari ne. Ina yi, Kaka. Anti ta ba ni tauraro. In na iya karatu, za ki sake yi mini magana?”

Tsohuwa ta ɗago ido ta dubi surukarta. Ba ta ce komai ba, alkawarin da ta ɗauka yana nan. Duk tsawon makonnin nan Stella tana auna kan 'yarta, ba ta taɓa tambayar abin da ke cikin zuciyarta ba. Ta matso da hannuwa a jiƙe, ita ma ta durƙusa.

Ta ce, “Mama, don Allah ki amsa mata.”

Kaka Hulda ta ture faifan wake gefe. Ta jawo yarinyar kan gwiwoyin nan masu ciwo, ta share mata fuska da bakin zane. Da ta buɗe baki, muryar ta fito a dishe.

Ta ce da Jju, “Gyaɗar nan, tun ranar na sani. Ɓera ba ya mayar da murfi.”

Afiniki ta yi wata 'yar dariya cikin kuka, ta ƙanƙame wuyanta.

Tsohuwa ta ɗago mata haɓa. “Dube ni, Afi. Ni kakarki, har na tsufa ban iya karanta ko sunana ba. Kin taɓa daina yi mini magana?”

Yarinyar ta girgiza kai.

“To ni ma ba zan ƙara ba. Zauna da kyau. Yaron nan da ya faɗa kwata, ɗan gidan wa ne?”