Ranar da Mahisha Ya Ƙi Faɗuwa

Shekara talatin da ɗaya ina kaɗa babbar ganga a ƙungiyar rawar maigidanmu Haradhan, kuma duk tsawon shekarun nan Bhudeb ne ke fitowa a matsayin dodo Mahisha. Kaf ƙauyukan Puruliya ba wanda ya kai shi iya faɗuwa. Amma bana, da aka ce Jharna, 'yar ƙanensa marigayi, ita za ta sa fuskar rawa ta allahiya Durga, sai ya tsaya a shagon mai shayi ya rantse shi ba zai faɗi a gaban mace ba.

Tun kakanninmu maza ne ke rawar Durga. Uban Jharna ya yi ta har ya mutu, bai bar ɗa namiji ba, sai ita da fuskar da yake sawa, ta laka da takarda, mai dogon kambi. Yarinyar ta yi ta naci har Haradhan ya gaji ya ce ta gwada sau ɗaya, a bikin ƙarshen bazara. In wasan ya lalace, za a karɓe fuskar ubanta a ba wani.

Ranar bikin da la'asar, mawaƙinmu ya fara rera labarin kamar kullum. Mahisha, dodon da ke rikiɗa ya zama ɓauna, ya yi shekaru yana azumi har Brahma, babba cikin alloli, ya ce ya roƙi abin da yake so. Ya roƙi kada wani namiji ya iya kashe shi, mutum ne ko abin bauta. Mata kuwa ko ambatarsu bai yi ba, tsabar raini. Ya kori Indra, sarkin alloli, daga gadon sarautar sama, ya zauna yana hura hanci. Sai alloli suka haɗa wutar fushinsu wuri guda, Durga ta fito daga ciki da hannaye goma. Shiva, ɗaya daga cikinsu, ya miƙa mata mashinsa mai baki uku, ta hau zaki, suka kwana tara suna gwabzawa da Mahisha, a rana ta goma ta taka shi ta soke. Bhudeb ya ji waƙar nan ta fi sau dubu, amma mai kunnen ƙashi ko a kansa aka yi waƙa ba ya ji.

Jharna da Bhudeb suka shigo fili. Bhudeb ya sa sabuwar fuska, wadda ya sa aka ƙara mata ƙaho da ado don a san ya zo. Suka yi ta zagaye suna tsalle suna wuntsulawa, har aka zo inda nakan sauya kiɗa in buga sau uku, dodo ya zube. Na buga. Bhudeb ya tsaya ƙyam, ya daki ƙirji.

Samari suka fashe da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce a kawo wa Uwa Durga tsintsiya, wataƙila ita ta fi iyawa. Haradhan ya yi mini alama da hannu in tsayar da kiɗa. Na san abin da hakan ke nufi: wasa ya ƙare dodo na tsaye, fuska ta bar gidansu Jharna ke nan. Na dube ta. Ta buga ƙafa a ƙasa sau biyu, yadda ubanta yake yi in yana son a ƙara wuta.

"Maigida, in ka ga dama ka kore ni gobe," na ce, na ci gaba da duka.

A wurinmu muddin ganga na magana mai rawa ba ya tsayawa, wanda ya tsaya ya zubar da girman gidansu. Don haka abin ya koma wa zai riga wani gajiya. Fuskar nan nauyi gare ta, duk a wuya yake sauka, kuma ta 'yan ƙananan huji ake numfashi, ga ranar da ke dafa mutum. Bhudeb ya lissafa cewa wuyan mace ba zai jure ba. Gaskiya ni ma tsoron da nake ji ke nan. Dukanmu mun manta inda Jharna take wuni tun rasuwar ubanta: wurin gasa bulo, tana ɗaukar goma-goma a ka daga safe har yamma a cikin wannan ranar. Raina kama ka ga gayya.

Tafin hannuna ya fashe, ban tsaya ba. Dariyar ta mutu. Tsallen Bhudeb ya fara gajarta, ƙahon da ya ƙara yana rinjayarsa gefe, ita kuwa kambinta ko karkacewa bai yi ba. Ya durƙusa, ya yunƙura ya miƙe, ta wuntsula ta dira a gabansa, ya ja da baya, ƙafafunsa suka ce ba su san zance ba. Ya zube rigingine, faɗuwar da bai taɓa yin mai kyanta ba, don wannan ta gaske ce. Jharna ta ɗora ƙafa a ƙirjinsa ta ɗaga mashi. Mata suka ɗauki guɗa har ba na jin gangata, ni kuwa tsohon banza ina kiɗa ina hawaye don daɗi.

Mutane suka yi layi suna taɓa ƙafafunta, kamar yadda ake yi wa duk wanda ke sanye da fuskar Uwa. Bhudeb bai shiga layin ba. Yana gefe ana zuba masa ruwa a ka, yana haki. Sai da aka watse, Jharna ta kwance fuskar, gashinta ya jiƙe sharkaf, sannan ya taso. Ta sunkuya za ta taɓa ƙafarsa kamar yadda yaro ke yi wa babba, ya riga ta kai hannu ƙasa.

"Baffa, tashi don Allah, ai na cire fuskar," ta ce.

"Na gani," ya ce, hannunsa na kan ƙafarta. "Ai jira na yi ki cire ta."