Kusurwar Imrana

Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyinmu, kowa a Talata Mafara so yake katangarsa ta taɓa sama. Ni kuwa, Ezekiya, aikina a sashen tsara gari shi ne in zo da tef ɗin awo in ce a'a, ga iyakar tsawon da doka ta yarda. Na sha zagi har na saba. Wani ma ce min ya yi in ɓarayi sun zo in nuna musu takardar izini.

Shi ya sa ranar da wata dattijuwa, Inna Nagode, ta roƙe ni kada a ƙara wa katangarta tsawo, na ɗauka kunnena ne.

Gidanta na bakin kwari, ruwan sama ya cinye ƙasan katangar baya har ta karkace. Ƙanin mijinta, Yakubu, ya nemi izinin zuba kankare daga ƙasan kwarin don ya tare ƙasa, sannan a ɗora sabuwar katanga mai tsawo. Muka gaisa da ita gaisuwa mai tsawo, sannan ta ja ni wata kusurwa, ta nuna min wani gurbi da ƙafa ta siɗe a jikin ginin.

"Ta nan ɗana Imrana ka shigowa," in ji ta. "Tun shina yaro bai son ƙohwa. An ɗauke shi bisa hanyar Damaga, har yau ba labari. In kun ɗaga wagga katanga, ta ina za shi shigo?"

Yakubu ya kawar da kai. Ni kuma na duƙa na taɓa gurbin. Muna tsakiyar bazara, ko ɗigon ruwa ba a yi ba, amma ɗanyar laka ce ta manne min a yatsa, da shatin 'yan yatsun ƙafa a jikinsa.

"Kullum da sahe haka nika iske shi," ta ce.

Barin tsohuwar katanga ba zai yiwu ba, don yara na wasa a ƙarƙashinta. Amma doka iyakar tsawo ta faɗa, ba ta hana gajarta ba. Na ce a yi ginin, a bar kusurwar nan daidai ƙirji kamar dā. Yakubu ya yi ta faɗa, na toshe kunne. Na koma ofis ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kirki.

Da aka gama na zo dubawa. Daga tsakar gida na auna kusurwar, ta yi daidai. Inna Nagode na zaune a gindinta kan tabarma, ta rame har na ji tausayinta ya kama ni.

"Malam Ezekiya," ta ce, "tun da kunka gama aikin ga bai shigo ba."

Na fita na zagaya na gangara cikin kwarin. A dā tudun ƙasa ne a wajen, mutum zai taka ya kama saman katanga. Magina sun kwashe shi kaf don su kafa kankaren. Daga nan ƙasa ginin ya ninka tsawona, ga shi sumul, babu wurin sa ƙafa.

A jikin simintin akwai shatin hannuwa na jan laka, da yawa, wani kan wani. Wasu sun bushe, wasu ɗanyu ne shar. Duk sun hau sun hau, suka tsaya saura kamu ɗaya su kai sama, sannan suka zame zuwa ƙasa.

Daga cikin gida na ji muryarta tana tambayata ko na ga wani abu.