Akuyar da ke Cikin Jirgin Ruwa

Ramlatu ta yi shekaru tana cika wa 'yarta Lubna kunne da labarin wani littafi. Da ta ga yarinyar ta dunƙule a tabarma da telefon, sai ta fara: "Ni da nake kamarki littafi ɗaya gare ni, amma ya fi duk tarkacen da ke cikin abin nan." Labarin wata yarinya ne da akuyarta, waɗanda fari ya kora daga garinsu, suka yi ta tafiya har suka hau jirgin ruwa zuwa ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Akuyar ma har shuɗiyar riga aka ɗinka mata. Lubna, 'yar aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, takan ce, "To ina littafin, Mama?" Ramlatu kuwa ita ma ba ta san inda ya shiga ba.

Sai ga shi ya fito da kansa, ranar da ake kwashe kayan marigayi mahaifin Ramlatu, Mutari baduku, a tsohon gidansu na Birni. Yana can ƙasan akwatin ƙarfe, cikin bangon jar fata mai zanen kore, ɗinkin hannun Baba da ko makaho ya shafa zai gane. Ramlatu ta rungume shi, daɗi kamar ya kashe ta. Yau dai bakin Lubna zai mutu.

Bayan la'asar ta ƙwace telefon, ta zaunar da yarinyar, ta soma karantawa da Faransanci tana juya mata da Hausa. Abin ya tafi daidai. Ga yarinya, ga akuya, ga rijiyar da ta ƙafe. Har Lubna ta matso ta ɗora haɓa a kafaɗarta. Igiya ta tsinke, akuya ta ruga daji, yarinya ta bi ta da kuka. Ramlatu ta juya shafi.

Hoton wani ƙato mai gemu ne, tsaye a kan jirgin ruwa yana daka wa mutane tsawa.

"Wane ne wannan, Mama?"

"Tsaya."

Ta koma baya, ta dawo gaba. Ta lashi yatsa ta murza takardar ko biyu ne suka manne. Ba su manne ba. Ta karanta shafin, ta karanta na bayansa, babu yarinya, babu akuya, sai gemu da igiyoyi da ƙanƙara. Rubutun ma ya fi ƙanƙanta, takardar ta fi rawaya. Ta tsallaka ƙarshe da sauri, ta tarar mai gemun ya mutu, an jefa shi a ruwa. To shuɗiyar rigar fa? Wallahi ta gan ta. Tana iya faɗin inda maɓallinta yake.

"Mama," in ji Lubna, ta ja jikinta gefe, "ke kika ƙirƙiro, ko?"

Maganar ta yi wa Ramlatu zafi, kuma ta ba ta tsoro. Baba ma da haka ya fara kafin ya rasu, yana rantsuwa a kan abubuwan da ba a taɓa yi ba. Ko dai kanta ne ya soma? Ta miƙa wa yarinyar telefon ɗinta.

Washegari da ta tashi daga aiki a asibiti, ta hau kabu-kabu zuwa rumfar yayanta Ɗan'azumi, wanda ya gaji sana'ar gidan. Ta dire masa littafin a kan fatar da yake yanka.

"Yaya, wa ya yage mini littafi?"

Ɗan'azumi, mutumin da ba ya gaggawa ko gobara ake, ya juya littafin, ya bi ɗinkin da babban yatsa. "Ba wanda ya taɓa shi. Ɗinki ɗaya ne, na Baba."

"To akwai shafukan da suka ɓata."

"Tun asali haka yake. Ba ki san inda ya fito ba? Wajen Indo mai ƙosai ta ƙofar lakwal. Da takardun take naɗe ƙosai. Kin dami Baba da kukan 'ya'yan mushe, malamin lakwal, suna da littafi, ke ba ki da shi. Ya je ya yi wa Indo takalmi, ta ba shi abin da ya rage. Shi ba boko ya iya ba. Ya zauna nan inda nake, ya ware waɗanda tsawonsu ya zo ɗaya, ya ɗinke. Littafi biyu ne, Ramlatu, ko ma uku."

Ta zauna a kan benci, kanta ya ƙara ɗaurewa. "Amma akuyar ta hau jirgin. Na karanta da idona."

"Ke kika hawar da ita." Ya ajiye wuƙar. "Kullum bayan lakwal kina karanta masa yana ɗinki. Ranar da kika zo wurin da labarin akuyar ya yanke kika tsaya cak. Ina kallonki. Ya ɗago, yana murmushin nan nasa, ya ce, 'To sai akuyar ta yi yaya?' Kika dubi takardar, kika dube shi. Sai kika ce ta hau jirgi. Daga nan kullum sai ya tambayi lafiyarta. Rigar ma shi ya ce a ɗinka mata, kada sanyi ya kama ta."

"Ya sani?"

"Wannan kuma ban taɓa tambayarsa ba."

Ta koma gida idanunta jawur. Ba ta san me za ta gaya wa Lubna ba, ba ta ma san ko ƙarya ta yi ko ba ƙarya ba. Ta zauna a tabarma da littafin a cinya, ta kasa buɗe shi, sai shafa fatar take.

Lubna ta daɗe tana kallonta daga bakin ɗaki. Can ta kife telefon, ta zo ta zare littafin a hankali. Ta fara daga rijiya, tana tuntuɓe da Faransancin. Igiya ta tsinke, akuya ta ruga, yarinya ta bi ta. Ta juya shafi, ga gemu. Ta tsaya. Ta dubi takardar, ta dubi uwarta.

Sai ta ɗora yatsa a kan layin farko, ta ce, "Sai akuyar ta hau jirgin."